Gidan da Aka Toshe wa Numfashi

Babu wata al'umma a duniya da ta taɓa ci gaba da farar ƙasa. Siminti ne ya raba mutanen da suka waye da waɗanda har yau suke jiran a tashe su daga barci. Darakta Mwinyiusi ne ya faɗi haka, a kan dakalin gidan ubansa da ke Pangani, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a gaban dattawa biyar da mai sayar da gahawa. Babu wanda ya musa. Mutumin da ya yi wata tara cur a Ingila yana koyon yadda ake kula da ma'aikatan ofis, ya dawo da takarda mai tambarin zinariya, ai ba a yi masa gardama a kan gini.

Yayarsa Mwanakombo tana cikin zaure tana kankare kwakwa, kuma ta ji komai. Ita ce ke zaune a gidan. A nan aka haife ta, a nan mijinta ya tare, a nan ta yi masa takaba. Darakta kuwa Dar es Salaam yake, sau biyu yake zuwa a shekara, ya ci kifi, ya yi jawabi, ya koma.

Kakansu ne ya gina gidan da dutsen teku da farar ƙasa, kaurin bango kamu biyu. Da yake ya yi wa Jamusawa aikin malanta a kwastan, sai ya kwaikwayo baranda daga barikinsu, da tagogin katako masu tsaga-tsaga waɗanda iska ke ratsawa rana ta tsaya a waje. Da damina bangon yakan sha ruwa ya ƙoshi. Da rani ya fitar da shi kamar zufa, gishiri ya yi fari-fari a gindinsa, Mwanakombo ta share, ta sake shafa farar ƙasa. Shekara ɗari da 'yan kai ke nan ana haka, kuma ba a taɓa jin gidan ya yi ƙorafi ba.

Da dattawa suka watse, Darakta ya shigo yana kaɗe bayan wandonsa.

"Dubi, Yaya. Dubi abin da dakalinki ya yi wa wandona. Gidan nan kunya yake ba ni."

"Kunya? A ɗakin can aka yanke maka cibiya. Lokacin ba ka ce komai ba."

"Ki daina wasa. Zan kawo ma'aikata daga Tanga. A yaɓe shi da siminti ciki da waje, a yi fenti mai mai, a cire waɗannan katakan na 'yan mulkin mallaka a sa gilashi. Sau ɗaya, kin huta har abada."

"Wa ya ce maka na gaji?"

"Ba sai kin faɗa ba. Kuma ki tuna, a gadon nan kaso biyu gare ni, ke ɗaya."

Ta ajiye ɓarin kwakwar da ke hannunta. "To ka yaɓe kaso biyunka, ka bar mini nawa ya sha iska."

Ya yi dariya irin ta wanda ya saba a yi masa dariya a ofis ko bai faɗi abin dariya ba.

Washegari ta kira Fundi Shaame, tsohon maginin da ya gaji gyaran gidan daga ubansa. Ya saurari Darakta har ƙarshe, hannunsa a bayansa.

"Ɗana," ya ce, "ka taɓa sa rigar leda a watan zafi? Bangon nan ruwa yake sha daga ƙasa. In ka rufe masa fata, ruwan ba zai fasa shiga ba, fita ce kawai zai rasa. Sai ya hau sama. A saman kuwa akwai azara."

"Baba, a wace jami'a ka karanta wannan?"

"A jami'ar da ta riƙe rufin da ka yi rarrafe a ƙarƙashinsa."

Darakta ya ce wa Yayarsa a ba tsohon shayi, a raka shi ƙofa. Sannan ya zaga bayan gida, ya tsaya a kan wani fili mai yashi kusa da bishiyar lemun tsami, ya ce nan ma za a zuba kankare, wurin ajiye mota.

Mwanakombo ba ta san lokacin da ta isa gabansa ba.

"Ɗaga ƙafarka daga nan, Mwinyiusi. Wallahi in ka taɓa wurin nan, da wuƙar kifi zan raka ka tasha."

Ya ɗaga. Ya san abin da ke ƙasa, mantawa ya yi, kamar yadda manya ke manta duk abin da ba nasu ba. A makon da aka haifi Riziki, 'yarta tilo, marigayi Vuai mijinta ya ƙona dutsen teku da kututturen kwakwa kwana uku, ya jiƙa farar ƙasar, ya binne ta a rami ya rufe da yashi. Haka ake yi a gidan su Mwanakombo. Farar ƙasa tana girma tare da yarinya, tana laushi a cikin duhu, ranar da za ta yi aure a tone a gina mata ɗaki a saman na uwarta, miji ya zo ya same ta a gida. Riziki tana aikin jinya a Tanga, farar ƙasarta kuwa ta shekara ashirin da ɗaya a ƙasa. Wannan rami shi ne abu ɗaya da Vuai ya bari wanda bai ƙare ba.

Darakta ya haƙura da wurin mota, ya ɗauki sauran gidan.

Ma'aikata suka zo, cikin mako shida suka gama. Gida ya fito sumul, ruwan hoda, yana ƙyalli kamar alewa. Aka ɓalle tagogin Jamusawa, wani mai otal ya kwashe su yana ta godiya, godiyar da ta kamata ta sa mai hankali ya tsaya ya yi tunani. Aka rubuta sunan Darakta da baƙin ƙarfe a saman ƙofa. Mutanen gari suka riƙa zuwa kallo. Maƙwabta biyu ma suka yi wa nasu gidajen haka.

Damina ta fari, gidan ya soma wari irin na rijiyar da aka daɗe ba a buɗe ba. Takalma suka yi funfuna. Zannuwan da uwarsu ta bari suka yi ɗigo-ɗigo baƙi a cikin akwati. Mwanakombo ta kamu da tarin da ba ya tafiya. Ta buga wa ƙaninta waya.

"Ki sayi fanka, Yaya," ya ce. "Ina cikin taro."

Damina ta biyu, fenti ya yi bororo. In ta ƙwanƙwasa bango sai ya amsa kamar ganga. Ta sake bugawa.

"Gini ne yake zama," ya ce. "Kowane injiniya ya san haka."

Damina ta uku, wata Talata da azahar, tana soya kifi a tsakar gida ana yayyafi, ta ji wani ƙara kamar an kayar da buhunan gishiri daga kan mota. Rufin ɗakin uwarsu ne. Azara huɗu suka zame daga bango a lokaci ɗaya, suka sauko da dutse da ƙasa a kan gadon katako mai sassaƙa, wanda a kansa aka haifi su biyun. Da safen nan ta zauna a bakinsa tana ɗinki.

Ta daɗe a tsaye a ƙofar ɗakin. Ta ɗauki kan azara ɗaya, ta matsa da yatsa, yatsan ya shige kamar cikin dafaffen rogo. Kifin ya ƙone.

Darakta ya iso bayan kwana biyu, da hular kwano irin ta masu duba gini, sabuwa fil. Ya leƙa ɗakin daga nesa, ya girgiza kai.

"Kin gani ko? Abin da nake faɗa ke nan. Simintin nan ko tsagewa bai yi ba. Dubi, lafiyarsa ƙalau. Ruɓaɓɓen kayan tsofaffi ne da ke ciki ya ci amanarsa."

"Shekara ɗari bai ruɓe ba sai da ka sa masa riga!"

"Yaya, ki sassauta murya, akwai maƙwabta."

"Su ji! Su ji, ko sa ceci nasu! Kai da ko ɗakin kaji ba ka taɓa ginawa ba, ka zo ka shaƙe gidan da ya raine ka, yanzu kana tsaye da tukunya a kai kana zagin gawa!"

Ya cire hular, ya duba ta, ya mayar. Ya ce ba zai biye wa fushin mata ba. Ya ce mafita ɗaya ce: a kawo katafila a share wurin, a ɗora bene hawa uku na bulo, a ba ta ɗaki biyu a ƙasa, da bayan gida irin na zamani. Amma shi mai adalci ne. In tsohon magininta zai iya tsayar da bangon kafin ƙaramar damina, ta biyun da ake yi a shekara a ƙasar nan, to. In ba haka ba, hukuma ma da kanta za ta ce a rushe, tunda haɗari ne ga masu wucewa. Ya shiga mota, ya ce a gaida Riziki.

Fundi Shaame ya zo da yamma. Ya fasa simintin da guduma a wurare bakwai, ko'ina ruwa ya biyo baya, dutsen yana marmashewa kamar sukari.

"Zai rayu," ya ce. "A ɓare rigar nan duka, a bar shi ya sha iska, a sa sababbin azara, a cike shi da farar ƙasa. Amma tsohuwa. Sabuwa za ta tsage kafin ta kama, kuma babu lokacin jira."

"A ina ake samun tsohuwa?"

"Masu ƙonawa sun mutu, 'ya'yansu suna buga bulo." Bai dubi bishiyar lemun tsami ba. Ya yi ta ƙoƙarin kada ya dube ta har abin ya fi kallo muni.

"Allah ya isa, Shaame," ta ce. "Kai ma?"

"Ni ban ce komai ba, 'yata."

An riga an sa ranar auren Riziki, bayan Babbar Sallah. Mwanakombo ta yi kwana biyu tana ɗaukar waya tana ajiyewa. A na uku ta buga wa Riziki, ta faɗi komai a jere ba tare da ta numfasa ba, don ta san in ta tsaya ba za ta ƙarasa ba.

"Zai isa har da ɗakina?" Riziki ta tambaya.

"Ba zai isa ba."

"Kawu ya sani?"

"Kawunki yana cikin taro."

Riziki ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. Ta ce ba komai, Mama, ai Faki, angon nata, yana da ɗakin haya a Tanga, na bulo ne, akwai fanka. Ta ce ana kiranta, an kawo mara lafiya. A zuriyar nan, tun daga kakar kakarta, ba a taɓa fitar da 'ya mace zuwa gidan miji ba.

Da aka kwashe yashin, farar ƙasar ta fito fara tas, da laushi kamar man shanu. Fundi Shaame ya shafa a yatsa, ya ce shekara arba'in rabonsa da ganin irinta, sannan ya ga fuskarta ya rufe bakinsa. Wata biyu suna aiki, shi da wasu tsofaffi biyu da ya tono daga unguwar masunta. Mwanakombo ce ke ɗibo farar ƙasar a daro. Ta hana kowa shiga ramin. Tafin hannunta ya tsattsage, in ta taɓa lemun tsami sai ta ciji leɓe. Aka cire gilasai, kafinta ya yi wasu tagogin katako da ba su kai na Jamusawa ba, amma iska tana ratsa su. Ƙaramar damina ta zo ta wuce, bango ya sha, ya fitar.

Darakta ya dawo lokacin Maulidi, tare da baƙi uku daga babban birni da wata Baturiya mai ɗaukar hoto. Ya zaunar da su a kan dakali, bayan ya shimfiɗa wa wandonsa jarida.

"Babu wata al'umma a duniya," ya ce, "da ta taɓa ci gaba bayan ta yi watsi da hikimar kakanninta. Shi ya sa na tsaya tsayin daka a kan gidan nan. Ku taɓa bangon ku ji. Numfashi yake yi."

Suka taɓa, suka yi ta gyaɗa kai. Baturiyar ta ɗauke shi hoto a ƙarƙashin sunansa na baƙin ƙarfe.

Mwanakombo ta kawo musu gahawa da dabino, ta ja gefen zane ta rufe hannuwanta yayin da take ajiye faranti. Ta koma bayan gida. Ɓaraguzan simintin suna nan tsibi guda kusa da bishiyar lemun tsami, kowane gutsure da fentinsa ruwan hoda, ko tsagewar kirki bai yi ba. Ta ɗauki daro ta soma zuba su a cikin ramin. Ba ta so jikokin maƙwabta su faɗa ciki, kuma Darakta ya riga ya tambaya da safe ko yanzu zai iya ajiye motarsa a wurin.