Wankin Ƙafar Baba

Miki ne a diddigen Baba, kuma nas ta faɗa ba ɓoye-ɓoye: in ba a wanke shi yau ba, ƙafar za a yanke. Ga shi Baba, tsohon kafinta, tsufa ya ruɗa masa kai. Duk wanda ya doso shi da auduga sai ya sha hauri.

Babban ɗansa, direban babbar mota, ya naɗe hannun riga ya ɗauko igiya. Mutum ne mai taurin kai. Tun da gidan ya dawo hannunsa ya hana kiɗa, wai shashanci ne. Irinsa suna da yawa, masu hana abu tun ba su san amfaninsa ba.

"Yaya, uban naka za ka ɗaure kamar akuya?" in ji ƙanwarsa.

"To zo ki riƙe shi, sarkin tausayi. Jiya ba ke ya fasa wa leɓe ba?"

Ƙanwar ta juya. Ta shiga ɗakin ajiya ta fito da rediyon da Baba ke ratayewa a shago, har yanzu da garin katako a jikinsa, da kaset a ciki. Ta jona shi, ta danna.

Sarewa ce ta fara, siririya, sai ganga ta biyo a hankali.

Baba ya bar zagi. Kafaɗunsa suka sauka. Direba na tsaye da igiya ya ga hannun tsohon ya fara tafiya a kan cinya, gaba da baya, daidai da bugun gangar, yadda yake goge katako a da. Idanun da suka daɗe suna yawo suka tsaya wuri ɗaya.

Nas ta durƙusa ta ɗaga ƙafar. Ta goge, ta matse mugunyar, ta zuba magani mai raɗaɗi. Baba ya yamutsa fuska, amma hannun bai saɓa bugu ba.

Duk ƙarfin da direba yake juya mota mai lodi da shi bai iya abin da siririn sautin nan ya yi ba.

"Kai Dogo," in ji Baba, ya kira direba da sunansa da tuni ya ɓace masa, yana dubansa sosai. "Ka tare min haske. Matsa."

Direba ya matsa da sauri. Nas ta naɗe bandeji, ta ce in za a samu haka kullum, ƙafa ta tsira. Kiɗan ya tsaya, Baba ya fara mutsu-mutsu.

"Auta," in ji direba ga ƙanwarsa, murya ƙasa-ƙasa, "juya kaset ɗin ɗaya gefen mana."