Jan Ruwa a Gindin Madatsa

"Wallahi ba ki shiga mishi da ƙoƙon nan," in ji Kulu, ta ware hannuwa ta tare ƙofar ɗakin. "Mutum na kwance yana kokawa da numfashi, ke kuma ki zo mishi da zancen tabki?"

Mairama ta tsaya da ƙoƙon a hannu, zanenta jiƙe har gwiwa. Ruwan da ke ciki ja ne kamar tsinkakken kunun dawa. Yanzun nan ta ɗebo shi a bayan dangarta, inda yake tsattsafowa daga gindin madatsa.

Garin nasu ƙarami ne, yana tsakanin Kalgo da Diggi, kuma duk arzikinsa tafkin nan ne da kakanni suka tare da tudun ƙasa tun kafin a ji sunan Nasara. Gidan Mairama shi ne na farko a gangare. In madatsar ta ɓalle, ita ruwa zai fara yi wa sallama, ga rumbunta, ga 'yarta Huseina da ta zo haihuwa daga Gwandu, tana ɗaki da ɗanyen jego.

Mai duba madatsar kuwa shi ne maƙwabcinta, Baffa Khalilu, mijin Kulu. Kowace damina yakan bi tudun da sandarsa yana zungurar ramin gafiya da gidan gara, yana leƙa duk inda ya yi laima. Shi ya koya wa kowa cewa in ruwan da ke tsattsafowa fari ne, a kwantar da hankali. In ya yi ja, to ƙasar cikin madatsar ce ke fita. In tafki ya cika, shi ke ɗaukar galmar da ya gada wurin ubansa ya buɗe mafita, rarar ruwa ta gangara fadama. Tun rasuwar uban, wani hannu bai taɓa yin wannan sara ba sai nasa.

To bana ciwo ya kwantar da shi tun farkon shuka, sama kuma ta yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa. Mutanen garin nan fa Allah ya zuba musu kunya, har ta yi musu yawa. Kowa ya ga ruwa na hawa, kowa ya ɗauke kai. Su shiga gaishe shi da safe, ya tambayi tafki, su ce lafiya lau, su fito suna kallon sama.

"Kulu," in ji Mairama, "ni ma ba don daɗi na zo ba. Jiya ban runtsa ba. Ko ɗigo na ji bisa ɗaki sai in zabura."

Wata murya ta fito daga ciki, siririya amma ba ta rasa tsiyarta ba. "Bari ta shigo. Ai muryarta ta riga ta shigo, saura gangar jiki."

Kulu ta kauce tana share ido da gefen mayafi. Mairama ta durƙusa gefen gadon, ta ga yadda mutumin ya ƙare, sai idanu da gemu.

"Sannu, Baffa. Ya jiki?"

"Jiki ya gode. Mi ke hannunki?"

Ta miƙa masa. Ya tsoma yatsa, ya murza da ɗan'uwansa, ya matso da shi kusa da ido.

"Daga ina?"

"Bayan dangata, daura da kanyar nan ta bisa madatsa."

"Kaurinshi fa? Yatsa ko hannu?"

"Shekaranjiya yatsa ne. Yau ya kai tsintsiyar hannuna."

"Ruwan tabki ya taɓa saiwar kanyar?"

"Ya shanye ta, Baffa."

"La'ilaha illallahu! Kulu, a kira min Atiku."

Atiku ɗan ƙanensa ne, magidanci da furfura tsilli-tsilli, kuma kowa ya san shi zai gaji aikin. Ya shigo ya tsuguna, ya ga ƙoƙon, ya sunkuyar da kai.

"Kai ne kullum kake ce min lafiya lau?"

"Baffa, mun ce ka samu sauƙi tukuna."

"In ban samu ba fa?"

Atiku ya yi ta murza yatsun ƙafarsa a ƙasa. Da ƙyar maganar ta fito. "In na ɗauki galmarka kana da rai, mi mutane za su ce? Cewa za a yi na ƙosa ka tahi. Ni kam ban iyawa."

Khalilu ya fashe da dariya, dariyar ta koma tari, sai da Kulu ta tallafe shi ta ba shi ruwa. "Ku ji min mutane! Watau gara ruwa ya kwashe Mairama da maijego da jinjiri, da a ce Atiku ba shi da kunya. To na ji, kun girmama ni, Allah ya yi albarka. Ku ɗauke ni ku kai ni."

"Haba, Malam!" in ji Kulu. "A wanga hali?"

"Kulu, kwanan da anka rubuta min, ɗakin nan ba ya ƙara min ko ɗaya." Ya juya ga Atiku. "Da gadon za ku ɗauka. Kada wani ya yi saurin kawo makara, da saura."

Haka aka fito da shi da hantsi, maza huɗu riƙe da gadon, Atiku a gaba da galma a kafaɗa, gari ya biyo baya. Mairama ta bi su, tausayinsa da tsoron ruwa suna ta ja-in-ja a ƙirjinta. Har ta fara tuhumar kanta, ko ta yi wa tsohon nan adalci?

A gindin madatsa ya sa aka sauke shi. Ya daɗe yana kallon inda jan ruwan ke bulbulowa. Wani ya riga ya cuɗo yumɓu zai cusa a ramin, Khalilu ya ɗaga hannu.

"Ajiye! In ka toshe mishi baki nan, zai ɓullo inda ba ka gani. Yashi za ku zuba, ku bi da tsakuwa. Ruwa ya wuce, ƙasa ta tsaya. Yumɓun nan na cikin tabki ne, sai ruwa ya ja baya kun ga ramin."

Ya sa Atiku ya hau tudun ya bi shi da sanda tun daga wannan kai har wancan, yana faɗa da ƙarfi duk inda sandar ta nutse. Wuri biyu ta nutse, duka kusa da kanyar. Khalilu ya gyaɗa kai. "Gafiya ce ta yi gida cikin saiwa. Da sauran ƙarfi gare ta, madatsar. In an rage mata kaya yau, za ta kai kaka."

Mairama ta yi hamdala.

Aka sake ɗaukar gadon zuwa ƙarshen tudun, can inda ƙasa take marmara, inda mafitar take toshe tun rani. Ruwa na ta lasar bakinta. Atiku ya miƙa wa Baffansa galmar da hannu biyu. Khalilu ya kama ƙotar, ya yi yunƙurin ɗagawa, ta ƙi ko motsi. Masu kunya suka shiga kallon ƙafafunsu.

"Kai, mi kake jira? Kamo nan, bisa hannuna."

Atiku ya ɗora hannunsa a kan na tsohon. Suka ɗaga tare, suka sauke tare, galma ta ci ƙasa kaɗan.

"Kun gani? Ni na sara," in ji Khalilu yana haki. "Wanda ke da magana ya same ni. Ci gaba, Atiku. Sannu-sannu, faɗin kamu biyu, kada ka sake mishi hanya gaba ɗaya ya ci maka gefe."

Atiku na sara hawaye na bin gemunsa. Ruwa ya fara silalowa, sannan ya samu hanya ya miƙe fadama da gurnani. Sai ga tarwaɗa da karfasa suna bin sa, suna tsalle cikin ciyawa. Nan fa kunya ta ƙare, mata suka bazama da ƙwarya da kwando, ana ihu ana dariya, har da Kulu ta yi murmushi.

Khalilu ya yafito Mairama. "Ke, bakin nan naki yau ya yi rana."

"Ka yafe min, Baffa. Na fito da kai cikin iska."

"Ni da na yi wata da watanni ina kallon rufin ɗaki? Kin kyauta min." Ya nuna Atiku da haɓa. "Wancan yana da hannu, amma bakinshi nauyi gare shi. Ke ce a gindin abin. In kin ga abin da bai yi miki ba, je ki tsaya mishi a ƙofa kamar yadda kinka yi min."

Kafin la'asar saiwar kanya ta fito fili. Khalilu ya ce a mai da shi gida, ya sha kunu ludayi uku, abin da ya kwana biyu bai yi ba.

Washegari da hantsi, maza na cikin tafki suna danna yumɓu a ramin gafiya, aka ji salatin Kulu. Mairama ce ta fara tsallaka danga. Ta sami Khalilu a kwance ta gefen dama, rai ya yi halinsa, fuskarsa a sake. Ta yi kuka sosai, kukan rashin maƙwabci na shekara da shekaru.

Aka yi masa sutura kafin azahar. Mairama ta leƙa ta jikin zana lokacin da ake wucewa da shi. Mazan sun yi alwala, ƙafafunsu fes zuwa idon sawu, daga nan har gwiwa kuwa busasshen laka ne, don daga cikin tafki aka kira su.

Da la'asar hadari ya taso daga gabas, ya haɗe baƙi ƙirin, aka tsuge da ruwa. Mata masu zaman makoki suka cunkushe a ɗakin Kulu. Wata ta taɓa Mairama.

"Ba ki leƙa gida? Ga maijego."

Mairama ta kasa kunne. Ta bayan ƙarar ruwan sama ana jiyo gurnanin mafita can nesa, yana tafiya fadama abinsa.

"Tana nan lafiya," in ji ta.

Kulu ta gaji da kuka, barci ya sace ta a zaune, kanta a kafaɗar Mairama. Feshi na shigowa ta bakin ƙofa. Mairama ta ja gefen mayafinta ta rufe mata ƙafafu.