Gungumen Maɗacin Bajapane

Uba mai katako ya ci amana, kuma ya ci ta yana sane.

A shekarar 1974 wani Bajapane mai suna Morishita ya zo Samarun Zariya koyar da sassaƙa. Sana'arsa fitar da siffar mutum daga itace. Ya zaɓi gungumen maɗaci a Sabon Gari, ya bar wa Uba ajiya, ya ce a kwantar da shi a inuwa shekara biyu ya bushe har ciki. Wata takwas ba ta cika ba Uba ya sayar wa masu turmi. Da lokaci ya matso ya samo ɗanye mai kama da shi, ya yi ta gasa shi a gefen wuta har bayansa ya bushe, ya kai Samaru a amalanke.

Morishita ya ɗaga gefe guda. "Nauyi," ya ce da guntuwar Hausarsa.

"Haka namu yake, Maigida," in ji Uba.

Tun daga ranar bai sake samun natsuwa ba. Kullum sai ya hau keke ya tafi Samaru, wai gaisuwa, ya tsaya bakin tagar ɗakin sassaƙa yana kallon kurfin Morishita yana cin itacen. Kan wata tsohuwa ya fito, sai kafaɗu, sai ƙwarya a hannu. Duk saran da aka yi sai ya ƙara leƙawa ko ɗanyen ya bayyana. Amma saran bai yi zurfi ba, ya fara cewa ya tsira.

Ran nan Gregory, ɗalibin Morishita, ya tare shi. "Malam Uba, wannan zarya fa? Ko tsohuwar kake nema da aure? To ka zo Alhamis, za mu tsaga ta."

"Ku tsaga wa?"

"Haka suke yi a ƙasarsu. A raba ta gida biyu, a rarake cikin don kada ta tsage nan gaba, a mayar a manne."

Uba ya tura kekensa har gidansa a Dogarawa, ya manta ana hawa. Kwana uku yana shirya yadda zai faɗi gaskiya. Sau biyu ya isa ƙofar Morishita, sau biyu ya koma.

Ranar Alhamis yana bakin taga aka buga ƙarfe, tsohuwa ta rabu biyu. Cikin ja ne jawur, yana naso. Morishita ya ɗora tafinsa a kai, ya ɗago shi a jiƙe. Bai yi faɗa ba. Ya zo bakin taga ya nuna wa Uba hannun, ɗalibai goma sha biyu suna kallo.

Kafin la'asar labari ya kai kasuwar katako. Shugabanninta suka karɓe rumfarsa. Babu wanda ya sake ba shi ajiyar ko sanda, kuma har ya bar Zariya sunansa Uba Ɗanye.