Ɗaki Biyu a Bayan Kukuo

Mahfuzu mai motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, yana ɗaure katifa da igiya lokacin da Malam Sumani ya lura cewa duk kayan da aka loda nasa ne. Tabarma, buta, akwatin tufafi, sabuwar fartanya da ko ƙasa ba ta taɓa ba, sai jarkoki biyu masu ruwan ɗorawa. Na matarsa Hawwa'u ko ɗankwali babu.

"Baba, Mma fa?" in ji Mahfuzu da irin Hausarsa ta kasuwa. "Bai fito ba, kuma rana yana tafiya."

Sumani ya ce ya jira, ya koma ciki yana jan ƙafa.

Rayuwarsa duka a bayan firijin mutane ya yi ta, yana durƙushe, kunne a jikin inji. A zafin Tamale mai gyaran firiji ba ya hutu. Da ƙarfi ya ƙare ya bar wa ƙaninsa shagon, amma gurnanin inji ya biyo shi gida. 'Yarsu Hairat da ke aiki a Accra ta cika musu gidansu na unguwar Gurugu da kayan jin daɗi, kuma kowanne da irin kukansa. Firiji na gurnani, talabijin na surutu, mita na tsiwa in katin wuta ya kusa ƙarewa, waya kuwa ko a sujada ba ta ƙyale shi. Ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Sai ya gina ɗaki biyu na ƙasa a gonar mahaifinsa can bayan Kukuo, inda gari ke ƙarewa shanu su fara. Ba wuta, ba famfo. Wayarsa ma ya kyautar, ya kuma sanar a masallaci cewa shi da iyalinsa sun koma rayuwar iyaye.

Abu ɗaya ya manta. Bai tambayi Hawwa'u ba, gaya mata kawai ya yi.

Ya same ta a kicin kan 'yar kujera, tana kaɗa miyar ayoyo a kan gas kamar yau ba ranar komai ba ce. Ya tsaya a bakin ƙofa ya sake jero mata abin da ya sha jerowa: iskar can, shirun can, ruwan randa mai sanyin da firiji bai san shi ba, da tuwon mahaifiyarsa mai ƙamshin itace wanda har yau bai ci irinsa ba. Ta bar shi ya kai aya, sannan ta rage wuta.

"Baban Hairat, kai tuwon ka ci. Ni murhun na gada."

Ta tuna masa, ba tare da ɗaga murya ba, yadda aka kawo ta gidansu na Zogbeli tana amarya, ta tarar hayaƙi ya riga ya cinye idon tsohuwa, ko zare ba ta iya sa wa allura. Ta tuna masa zuwa dam ɗibar ruwa da tsohon ciki, da itacen damina mai ƙin kamawa. Ta ce ranar da aka ja famfo zuwa gidan nan ta kulle kanta a banɗaki ta yi kuka, shi yana shago. Famfon ma sai ya ga dama yake kawo ruwa, amma ko banza akwai tanki.

"Ka gaji, na sani," ta ce. "Ni ma na gaji. Sai dai kai kunnenka ne ya gaji, ni gwiwoyina ne."

Maganar ta yi masa zafi, amma abin da ya fi ƙona shi kunyar mutanen masallaci. Me zai ce musu? Ya ce gobe da hantsi Mahfuzu zai dawo da motokin, in har shi ne mijinta to ta shigo. Bai taɓa gaya mata magana mai nauyin wannan ba, kuma tun kafin ya rufe baki ya ji nauyin a ƙirjinsa. Hawwa'u ta dube shi, duban da ya fi zagi ciwo. Ta zuba tuwo da miya a kula ta miƙa masa. Ya so ya ƙi karɓa, amma fushi daban, yunwa daban.

Suka ratsa gari cikin babura da yalo-yalo masu ɗaukar fasinja, yana zaune kan katifa rungume da kula. Kwalta ta ƙare, gidajen bulo suka yi ta raguwa. Da Mahfuzu ya sauke kaya ya tafi, shiru ya sauko, kuma gaskiya shirun yana da daɗi. Sumani ya zauna a gindin darbejiya ya cinye tuwon, yana jin kukan shanu daga nesa. Karo na farko cikin shekaru gurnanin kunnensa ya lafa. Ya ce a ransa in ta zo ta ji wannan, za ta gode masa.

La'asar ta yi, ya ɗaga buta ya ji ta wayam.

Rijiyar burtsatse tana can gefen rugar makiyaya. Layin duk mata ne da 'yan mata, kuma da suka ga furfura suka matsa masa ya wuce gaba. Ya cika jarkokin biyu fal, da nufin ya riƙe ɗaya a kowane hannu, dabarar da sai wanda bai taɓa ɗibar ruwa ba yake yi. Bai yi nisa ba ya ajiye ɗaya. Ya rungumi ɗayar, ya canja hannu, ya ja ta a ƙasa, daga ƙarshe ya zauna a kanta yana haki. Matan suka kau da kai don kada ya ji kunya, abin da ya ƙara masa kunyar.

Wata tsohuwa ce ta fito daga layi, Afra mai tallan nono, wadda a ido ta girmi Hawwa'u. Ta gaishe shi, ta naɗe mayafinta ta yi gammo, ta sa aka ɗora mata jarkar. Ya ce a'a, don Allah ta bari. Ta ce baƙo ba ya ɗaukar ruwa ranar da ya sauka, ta yi gaba.

Haka ya bi ta a baya, hannu na dukan cinya. Bai taɓa tafiya a bayan mace mai ɗauke da ruwa ba, kullum shi ne a gaba, ko a shago, ko a kan tabarma yana jiran buta. Ya ga yadda jijiyoyin wuyanta suka miƙe, yadda take dafa ƙugu in hanya ta yi tudu. Ta tsaya ta yi tari ba tare da ta sauke ba. Ya saurari numfashinta, shi da ya ƙare rayuwarsa yana sauraron inji, kuma ya san sautin abin da aka ɗora wa fiye da ƙarfinsa. Tausayi ya kama shi, da wani abu mai ɗaci da ya fi tausayi.

Ta juye ruwan a randa, ta warware gammon tana share wuya.

"An ce uwargida gobe zai iso," ta ce, ita ma da Hausar kasuwa. "Ka gaya mishi ya riƙa sammako, don in rana ya fito layi har bakin hanya. Da rani kuma nan yana ƙafewa, sai dam. Amma zai saba. Duk mun saba."

Sumani ya dubi murhun duwatsu uku da ya jera mata da hannunsa a gefen ɗaki, yana ta alfahari da shi.

"Ba za ta zo ba," ya ce.

"Ayya. Ba shi da lafiya?"

"Lafiyarta ƙalau. So nake ta zauna a haka."

Ya zura takalmansa, ya kama hanyar rijiya don ɗauko ɗayar jarkar tun da sauran haske.