Shanun da Ba Su da Mazaɓa

Munawwara ta shekara biyu tana rubuta manhaja a wani ɗan ofis a garin Karaye, ƙarƙashin wata ƙungiyar manoma da makiyaya. Maimakon ta yi aiki biyu, sai ta gina manhaja ɗaya ta kira ta uwa, ta fitar da 'ya'ya biyu daga jikinta. Ɗaya ta manoman gyaɗa ce na garin Turawa, suna kai rahoton cutar gona da ita. Ɗayar kuma ta rigakafin shanu ce a Falgore, can ƙasar Rogo.

A cikin uwar ta sa doka cewa duk bayanin da aka shigar sai da sunan mazaɓa. In babu, uwar ta rubuta "Kuskure", ta share komai, a sake daga farko. A Turawa ba wanda ya taɓa ƙorafi, don gona ba ta tashi daga inda take.

Wata Talata da hantsi Yusha'u, malamin dabbobi na Falgore, ya bugo mata waya. Bayan sun gaisa ya ce, "Malama, sau uku ina shigar da shanun Malam Ilu, arba'in da ɗaya, sau uku tana sharewa. Na koma takarda."

"Ka zaɓi mazaɓa kuwa?"

"Wacce zan zaɓa? Ki dai zo ki gani."

Washegari ta hau mota zuwa Rogo, Yusha'u ya ƙarasa da ita rugar Malam Ilu a babur. Malam Ilu, dattijo siriri, ya sa aka shimfiɗa musu tabarma a inuwar ɗorawa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi iyali da dabbobi, sannan ta ce, "Baba, shanun nan na wace mazaɓa ne?"

Ya yi murmushi. "'Yata, ni dai ɗan Falgore ne, nan nake zaɓe. Su kuwa yanzu suna nan. In an girbe dawa, rabi su tafi Kwanyawa wajen surukina su ci kara. In na ce miki wuri ɗaya, na yi ƙarya."

Ta buɗe kwamfutarta a cinya. Da farko ta yi niyyar cire dokar gaba ɗaya, har ta ɗora yatsa, sai ta tuna Turawa. In ta cire, rahoton cutar gyaɗa zai riƙa zuwa ba a san gonar ina ba ce. Dokar ba ta da laifi. Laifin shi ne ta bar uwar tana yanke wa kowa hukunci iri ɗaya.

Ta yi kusan awa biyu tana gyara, Tasalla matar Malam Ilu ta kawo fura da nono har ta gaji da cewa a sha. Yanzu in uwar ta ga babu mazaɓa, ba za ta share komai ba. Za ta miƙa wa 'yar matsalar da sunanta, 'yar ta san yadda za ta yi. Ta Turawa ta sake tambaya, ba ta wucewa sai an amsa. Ta Falgore kuwa ta adana shanun, ta yi tambaya ɗaya: ina suke a wannan makon?

"Gwada mu gani," ta ce wa Yusha'u, bayan ta tura masa sabuwar a wayarsa.

Ya ɗauko takardarsa ya fara shigarwa, Malam Ilu na kiran kamannin kowace saniya yana gyara masa inda ya rubuta ba daidai ba. Arba'in da ɗaya suka shiga cif.

Sai a lokacin Munawwara ta jawo ƙwaryar furar. Ta tambayi Yusha'u ko akwai wasu rugagen da ya koma wa takarda, ya ce guda shida. Ta ce to su fara da mafi kusa kafin la'asar.