Kyaftin Ɗin Malam Lawal

"Riƙe min wannan," in ji Malam Lawal, yana miƙa wa Sale wayarsa daga kan gadon asibiti. Robar ƙarin ruwa na lilo a hannunsa. "Lahadi ƙarfe biyu da rabi ake rufewa. Kyaftin ɗina ya ji ciwo a gwiwa. Kai za ka canza min shi."

"Haba Malam, kana cikin wannan hali kana zancen ƙwallo?"

"To zancen me zan yi, ƙodar? Ita likita na yi."

Shekara shida suna haya gida ɗaya a Jikwoyi, ƙofa na kallon ƙofa, igiyar shanya ɗaya. Lawal direba ne a wata ma'aikata, Sale mai gyaran janareto. Lawal ne ya koya masa wasan nan na fantasi a waya: ka zaɓi 'yan wasanka daga gasar Ingila, abin da suka yi a fili shi ne makinka, na kyaftin kuwa a ninka shi biyu. Su goma sha huɗu ke fafatawa a unguwa. Sau uku Lawal na zuwa na biyu, bai taɓa ɗaukar kofi ba. Bana ga shi a sama, ya ba Marvel, mai sayar da kayan mota a Mararaba, ratar maki tara, kuma saura wasan ƙarshe.

"Bari in canza yanzu in huta," in ji Sale.

"Ka ga halinka ko? Gaggawa. Shi ya sa kake na goma sha biyu. Jira labarin safiyar Lahadi, ka ji wanda zai buga."

Sale ya koma gida da waya a aljihu kamar ya ɗauko garwashi. Ranar Asabar ya buɗe ta ya fi sau goma. Ya dubi sunan tawagar, Rumasa'u FC, sunan 'yar Lawal guda tilo, sa'ar tasa 'yar Kauthar, sai ya mayar da wayar aljihu.

Lahadi da hantsi kiran Kubra, matar Lawal, ya shigo. Ba ta iya cewa komai ba sai salati.

Daga nan Sale bai sake samun kansa ba. Shi ya ɗauko gawa, shi ya sayo likkafani, shi ya nemo masu haƙa, shi ya yi ta kiran 'yan'uwa a Yelwa. Aka yi sallar jana'iza bayan azahar, aka nufi maƙabarta. Da liman ya ce makusanta su shiga, mutane suka waiwayo suka dubi Sale.

Yana cikin kabari, yana karɓar itace yana jerawa, sai wayar ta fara zir-zir a ƙirjinsa. Ƙararrawar da Lawal ya saita ce, minti goma kafin a rufe. Zufa ta keto masa. Hannuwansa duk laka, liman na tsaye a kansa, dattawa sun kewaye ramin. Ina zai fito da waya a nan? Abu ɗaya tak mutumin nan ya roƙe shi a duniya.

"Malam Sale, karɓi," wani ya ce daga sama.

Ya karɓi curin laka ya toshe kafar da ta rage. Wayar ta yi ta rawa, ta gaji ta yi shiru.

Da yamma ana zaman makoki a ƙofar gida, Marvel ya zo, ya tuɓe takalmi ya zauna gefen tabarma.

"Oga Sale, sannu. Allah ya jiƙan shi. Mutumin kirki ne, amma ya hana ni barci bana."

Sale ya sunkuyar da kai. "Na ci amanarsa, Marvel. Ban canza kyaftin ba. Lokacin ya same ni cikin rami."

"Kai, ka duba mataimaki?"

"Wane mataimaki?"

"Shekara nawa kana wannan wasa? In kyaftin bai buga ba, mataimaki ne yake ɗauka. Malam ba ya wasa da wannan. Kawo waya."

Suka juya wa jama'a baya kaɗan. Kyaftin bai ko zauna a benci ba. Mataimakin kuwa, wani ɗan tsakiya marar suna wanda Lawal ya riƙe tun farkon kaka ana ta yi masa dariya, ya ci ƙwallo ɗaya, ya bayar an ci ɗaya.

Marvel ya daɗe yana kallo, ya goge ido da bayan hannu. "Maki huɗu ya bar ni. Ka gani? Har ya tafi bai bar ni na huta ba."

Kafin magariba Sale ya yi sallama a ƙofar Kubra. Tana zaune cikin mata, Rumasa'u ta yi barci a cinyarta. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya miƙa wayar.

"Maman Rumasa'u, ga ajiyar Malam."

Ta dubi fuskar wayar. Akwai shatin babban yatsan Sale na busasshiyar laka a kan sunan da ke saman jerin. Ta sa bakin hijabinta ta goge a hankali.

"Ya ci?"

"Ya ci."

Ta miƙa hannu ta jona wayar a caji, a kan tagar da ya saba ajiye ta.