Gidan Gurda da Baƙi Biyu

A shekarun da Libiya ta buɗe wa 'yan Afirka ƙofa, Mounkaila, mutumin Tawa ta Nijar, ya tashi daga leburanci ya zama dillalin gidaje a Sabha. Dillancin nasa dai gida ɗaya ne, wani bene a unguwar Gurda, kuma a ɗakin gadinsa yake zaune da matarsa Talatou, mai tsohon ciki. Mai benen, wani Balarabe, ya gaji da jira. Ya ce in Alhamis ta yi babu ɗan haya, zai ba wani dillali gidan, da ɗakin gadin duka.

Sai ga baƙi biyu daga kamfanin da ke haƙa rijiyoyi a Wadi Bawanis. Na farko Kurihara, injiniya ɗan Japan. An ce ƙarfe tara, saura minti biyar yana bakin ƙofa. Ya cire takalmi, ya sunkuya, ya shiga da abin awo. Awa biyu yana buɗe famfo yana rufewa. Da zai fita ya miƙa wa Mounkaila takarda da hannu biyu, an jera aibobin gidan guda goma sha bakwai da Larabcin littafi.

Na biyun Eusebio, ɗan Meziko. An ce ƙarfe goma, ya zo bayan azahar. Tun daga soro ya rungume Mounkaila har hularsa ta faɗi. Ya yabi bene, ya yabi tayil, ya yabi bishiyar dabinon da ta mutu bara. Ya sha furar Talatou kofi biyu.

"Ɗan'uwana, wannan gida nawa ne!" in ji shi da gurguwar Faransanci. "Alhamis muna tafe."

Daɗi ya cika Mounkaila. Shekara huɗu a Sabha, babu wanda ya taɓa rungumarsa.

"Maigida," in ji Talatou, "wannan mai rubuta aibin, shi ne mai so. Wa zai ɓata awa biyu kan famfon da ba zai sha ba?"

"Ke me kika sani a harkar kontirar haya? Mutum ya ce da ni ɗan'uwa."

Ranar Laraba Kurihara ya dawo, ya tambaya ko an gyara famfon, don ya zo da takardun sa hannu. Mounkaila ya gyara hula ya ce gida ya samu mai shi. Kurihara ya sunkuya, ya nemi gafarar ɓata masa lokaci, ya sa takalminsa.

Alhamis har la'asar babu Eusebio. Mounkaila ya bi shi ofis, ya sake shan runguma.

"Ai kamfani ya ba ni ɗaki tun makon jiya," in ji Eusebio. "Amma yaya zan shiga gidan mutum, in sha abin matarsa, in ce masa a'a? A garinmu ba a haka."

Mounkaila ya ruga wajen Kurihara. Ya tarar ya kama gida a unguwar Jadid tun jiya. Ko da Mounkaila ya ce zai rage masa haya, sai Kurihara ya ce ya riga ya ba wancan mai gidan kalma, kuma ya sake neman gafara.

Da ya dawo Gurda, Talatou ta riga ta ɗaure tukwane a zani, tana zaune kan katifa a bakin titi, hannu ɗaya a kan ciki. Kunya ta hana shi kallonta.

"Ɗauki katifar," in ji ta. "Ni ba zan iya sunkuyawa ba."